Gani Ya Kori Ji, In Littafin Jagora Ya Faɗi Gaskiya

Daga Wakilinmu

A cikin watan Disamba na shekarar 2016 ne ma'aikatan kamfanin OpenAI, wanda ke birnin San Faransisko a ƙasar Amurka, suka fito da wani ɗan gajeren bidiyo da ya ba masana dariya, ya kuma sa su yin tagumi. Sun ɗora wata manhaja mai koyo da kanta a kan wasan tseren kwale-kwale na kwamfuta mai suna CoastRunners, suka umarce ta da ta tara maki iyakar ƙarfinta. A kan takarda ba ta da laifi, domin makin da ta samu ya ɗara na mutane 'yan wasa da kashi 20 cikin 100. Amma da aka kunna bidiyon sai aka ga abin mamaki. Kwale-kwalen bai ko damu da tseren ba. Ya sami wani lungu a cikin ruwa inda wasu abubuwa uku masu ba da maki suke sake ɓullowa bayan an buge su, sai ya yi ta zagaye a wurin, yana karo da sauran jirage, yana kamawa da wuta, yana sake komawa, abokan tserensa kuwa sun yi gaba abinsu.

Da ba a kalli wannan bidiyo ba, da an rubuta rahoto an ce na'ura ta ƙware a tseren jirgin ruwa. Wannan shi ya sa masu binciken ƙirƙirarriyar basira ba su raina kayan aikin da ke ɗaukar wasan na'ura a bidiyo, ya sake nuna shi don mutum ya gani da idonsa. To, amma fa kayan aikin shi ma manhaja ne, yana da abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa, kuma babu inda mai amfani da shi zai san wannan sai a cikin littafin jagorar da masu shi suka rubuta. Idan littafin ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana, mai kallo zai ga abu da idonsa, ya tashi da fahimtar da ba daidai ba. A wannan mako za mu duba yadda ake auna ingancin irin wannan littafi.

Wane ne ɗan koyo?

Jama'a masu karatu, bari mu fara da warware kalmomi. Masana suna kiran manhajar da ke koyon wasa da wani suna na Turanci mai ma'anar wakili, mu kuwa a nan za mu kira ta ɗan koyo. Ba a gaya wa ɗan koyo dokokin wasa. Ana nuna masa allo, a ba shi ikon danna maɓallai, sa'an nan a ba shi lada idan maki ya ƙaru. Da haka yake gwadawa sau dubbai, har ya gane abin da ke kawo lada.

Filin da aka fi yin wannan gwaji a kansa shi ne wasannin akwatin Atari 2600, wanda ya shiga kasuwa a Amurka a 1977. A 2013 wasu masana na Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada, cikinsu har da Marc Bellemare da Michael Bowling, suka wallafa bayanin wani dandali mai suna Arcade Learning Environment, wanda ke ba kwamfuta damar buga waɗannan tsofaffin wasanni. A Fabrairun 2015 kuma kamfanin DeepMind na birnin Landan ya sanar a mujallar Nature cewa ɗan koyonsa ya gwada wasanni 49, ya kuma kai kwatankwacin gwanintar mutum a fiye da rabinsu. Abin da ya fi jan hankalin duniya a lokacin shi ne bidiyon wasan Breakout, inda aka ga ɗan koyon ya haƙa rami a gefen bangon tubali, ya jefa ƙwallo ta baya tana farfasa tubalin ita kaɗai.

Bidiyon bai tsaya ga nuna gwaninta ba, shi ne kuma ke tona asirin maguɗi. A 2013 wani masani mai suna Tom Murphy ya nuna manhajarsa tana buga Tetris, da ta ga za ta faɗi sai ta danna maɓallin dakatarwa ta ƙi ci gaba. A 2018 kuma masu bincike na Jami'ar Firaibog a Jamus suka ga ɗan koyonsu ya tara maki kusan miliyan ɗaya a wasan Q*bert, da suka duba sai suka tarar ya gano wata ɓaraka ce a cikin wasan, wadda ke sa maki ya yi ta hauhawa ba tare da an wuce mataki na gaba ba.

Tun da bidiyo ya zama shaida haka, dole a san yadda aka ɗauke shi. Kayan aikin da ɗalibai da masana suka fi sani shi ne wanda ke cikin Gym, tarin manhajar da OpenAI ta saki kyauta a Afrilun 2016, wanda daga baya ya koma hannun gidauniyar Farama da sunan Gymnasium. Da shi za mu riƙa ba da misali, ko da yake ma'aunan da za mu kawo sun shafi kowane kayan aiki irinsa.

Ma'auni na farko: misalin farko yana aiki?

Kowane littafin jagora yana buɗewa da ɗan gajeren misali, watau 'yan layukan umarni da baƙo zai kwafa ya gwada. Hanyar auna shi mai sauƙi ce. A ɗauki kwamfutar da ba a taɓa ɗora manhajar a kanta ba, a bi umarnin kamar yadda aka rubuta shi ba ƙari ba ragi, a ga ko bidiyo zai fito. In ya fito, littafin ya ci jarrabawar farko. In sai an nemi taimakon wani gwani, to ya faɗi, komai kyan sauran shafukansa.

Tarihin Gym ya nuna dalilin da ya sa wannan ma'auni ke gaba da kome. Shekaru da dama ana ɗaukar bidiyo da wani sashe mai suna Monitor, kuma dubban darussa a intanet da shi suka koyar. A 2022 aka cire shi, aka bar RecordVideo a madadinsa. A Satumbar wannan shekara kuma bugu na 0.26 ya zo da manyan sauye-sauye. A da umarnin taka mataki ɗaya a wasa yana dawo da amsa huɗu, sai ya koma biyar. A da ana faɗin irin hoton da ake so a lokacin nunawa, sai ya zama dole a faɗe shi tun lokacin buɗe wasan. Wata guda bayan haka aka sanar da komawar aikin hannun Farama. Duk wanda ya ɗauki darasin 2019 ya haɗa shi da manhajar 2023, ba abin da zai samu sai saƙon kuskure.

Saboda haka littafi nagari yakan rubuta lambar bugun da yake magana a kansa a inda ido zai gani, ya kuma ware shafi na musamman don wanda ya saba da tsohon tsari. Masu kula da Gymnasium sun yi wannan shafi na ƙaura, kuma abin a yaba ne. Har ila yau littafin ya kamata ya lissafa kayan da ake bukata a gefe. RecordVideo ba ya haɗa bidiyo shi kaɗai, yana dogara da wata manhaja mai suna MoviePy, kuma wanda ba a gaya masa ya ɗora ta ba zai tsaya a rabin hanya.

Ma'auni na biyu: idon wa muke kallo da shi?

Nan ne maganar ta fi nauyi, nan ne kuma littattafai da yawa suke gajartawa. Abin da mutum yake gani a bidiyo daban, abin da ɗan koyo ya gani daban. Allon Atari yana da ɗigo 210 a tsaye da 160 a kwance, da launuka iri-iri. Ɗan koyon DeepMind kuwa ba a ba shi wannan ba. An rage masa hoton zuwa ɗigo 84 sau 84, an cire launi, aka haɗa masa hotuna huɗu na baya-bayan nan a tare don ya gane inda abu ya nufa.

Bugu da ƙari, akwatin yana fitar da hoto 60 a kowace daƙiƙa, amma ɗan koyon yana yanke shawara sau ɗaya ne a kowane hoto huɗu. Wannan tsallake ya taɓa haifar da wata matsala da ta cancanci a ba da labarinta. A rahotonsu na 2013 masanan DeepMind sun bayyana cewa a wasan Space Invaders harsasan da ake harbawa suna ƙyaftawa ne, su bayyana su ɓace, kuma lokacin ɓacewarsu ya yi daidai da tsallaken hoto huɗu. Watau ɗan koyon ba ya ganin harsashi ko kaɗan. Sai da suka mai da tsallaken ya zama uku a wannan wasa kaɗai. Yanzu mai karatu ya kwatanta wanda ke kallon cikakken bidiyon wannan wasa, yana ganin harsashi ɓaro-ɓaro, yana ganin ɗan koyo ya tsaya har an harbe shi. Zai ce na'urar daƙiƙiya ce, alhali an rufe mata ido ne.

Akasin haka ma yana faruwa. A ranar 24 ga Janairun 2019 DeepMind ya nuna wasannin da ɗan koyonsa AlphaStar ya buga da gwanaye biyu na wasan yaƙi StarCraft II, watau TLO da MaNa, inda ya cinye kowannensu 5 da nema. Mutum yana kallon fagen yaƙin ne ta wata 'yar taga da yake turawa nan da can, amma a waɗancan wasanni goma AlphaStar yana ganin duk inda ya buɗe a taswirar a lokaci guda. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, kuma a ranar da aka kawo wani sabon ɗan koyo mai kallo ta taga kamar mutum, MaNa ya ci shi. Wanda ya kalli wasannin goma ba tare da wannan bayani ba, ya kalli rabin labari ne.

Don haka mai auna littafi ya nemi jimlar da ta faɗa ƙarara ko bidiyon yana ɗauke da allon wasa ne ko kuwa abin da aka miƙa wa ɗan koyo, da kuma yadda za a ɗauki na biyun idan ana bukata. In babu wannan jimla, a rage maki mai yawa.

Ma'auni na uku: wane wasa aka ɗauka, da wane sauri?

Ɗan koyo yakan buga wasa dubbai kafin ya ƙware, kuma ba dukansu ake ɗauka ba, domin ma'ajiyar kwamfuta ba za ta ɗauke su ba. Idan mai amfani bai zaɓi kome ba, RecordVideo yana bin wani tsari nasa. Yana ɗaukar wasa mai lamba 0, da 1, da 8, da 27, da 64, da 125, haka har zuwa 729, daga nan sai na 1,000, na 2,000, da sauransu. Watau a cikin wasanni dubu na farko goma kawai za a gani. Ɗalibin da ya buga wasa biyar ya sami bidiyo biyu zai zaci manhajar ta lalace, alhali aikinta take yi. Zaɓin da manhaja ke yi wa mutum idan ya yi shiru, shi ne ya fi cancantar a rubuta shi da manyan baƙaƙe, gama yawancin masu amfani ba su taɓa canza shi.

Sai maganar sauri, wadda lissafi ne mai sauƙi. Idan akwati yana fitar da hoto 60 a daƙiƙa, ɗan koyo kuma yana motsi sau ɗaya a hoto huɗu, to motsi 15 yake yi a daƙiƙa. In aka ɗauki hoto ɗaya a kowane motsi, aka kunna su 30 a daƙiƙa, wasan zai yi gudu ninki biyu. Mai kallo zai sha mamakin zafin naman na'ura, alhali majigin ne ke sauri.

Haka nan ƙarshen bidiyo yana bukatar fassara. Wasa yana iya ƙarewa don an ci ɗan koyo, yana kuma iya ƙarewa don lokaci ya cika, gama an saba yanke wasannin Atari a hoto na 108,000, watau minti 30. Bambance waɗannan biyu shi ne dalilin da ya sa amsa huɗu ta koma biyar a bugu na 0.26. Akwai kuma motsin ganganci. A gwajin DeepMind na 2015 an sa ɗan koyo ya yi motsin kan-mai-uwa-da-wabi sau ɗaya cikin ashirin, saboda haka ba kowane kuskure da aka gani a bidiyo ne daga tunaninsa ya fito ba.

Ma'auni na huɗu: bidiyo ne ko maimaici?

Hanya biyu ake bi wajen sake nuna wasa, kuma mutane da yawa suna gwama su. Ta farko ita ce adana hotuna a jere, kamar yadda kyamara ke yi. Ta biyu ita ce adana jerin maɓallan da aka danna kawai, sa'an nan a sa wasan ya sake bugawa da kansa yana bin jerin. Hanya ta biyu ba ta cin wuri, tana kuma ba mai kallo damar juya taga ya duba duk inda yake so. Da ita wasan StarCraft II yake aiki. Amma tana da sharaɗi mai tsauri: dole wasan ya kasance bugu ɗaya da wanda aka buga da shi, dole kuma duk wata ƙuri'a da aka jefa a ciki ta sake faɗowa daidai.

A wasannin Atari wannan sharaɗi ya ƙara nauyi bayan rahoton da Marlos Machado da abokan aikinsa suka wallafa a 2018. Sun lura cewa ɗan koyo yana iya haddace jerin motsi ya ci wasa ba tare da ya koyi kome ba, sai suka ba da shawarar a sa maɓalli ya riƙa maƙalewa, ta yadda a kowane hoto akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 wasan ya maimaita motsin baya maimakon sabo. Wasannin da sunansu ya ƙare da v5 suna da wannan maƙalewa, masu ƙarewa da v4 ba su da ita. Wanda ya adana maɓallai bai adana lambar da ke sarrafa ƙuri'ar ba, in ya zo maimaitawa zai ga wani wasa daban, ɗan koyo yana harbin iska yana faɗawa rami.

Wannan lamba ba ƙaramin abu ba ce. Masana na Jami'ar Makgil a birnin Mantiriyal, tare da Farfesa Joelle Pineau, sun nuna a 2018 cewa idan aka horar da ɗan koyo iri ɗaya sau goma, ba a canza kome ba sai lambar ƙuri'a, aka raba sakamakon biyar-biyar, rukunin biyu suna iya bambanta kamar hanyoyi ne daban. Littafin da bai koyar da yadda ake adana lambar ƙuri'a da lambar bugu tare da bidiyo ba, ya bar mai bincike da shaidar da ba mai iya tabbatar da ita.

Ma'auni na biyar: yana faɗin inda ake tuntuɓe?

Marubucin littafin jagora yakan rubuta hanyar da kome ke tafiya daidai, domin a kwamfutarsa haka take. Mai karatu kuwa yakan buɗe littafin ne a ranar da abu ya ƙi. Matsalolin ɗaukar bidiyo sanannu ne. Mutum ya manta bai rufe wasan da umarnin rufewa ba, bidiyon ƙarshe ya ƙi fitowa. Ko ya zaɓi a nuna masa wasan a taga maimakon a miƙo hoton a matsayin lambobi, mai ɗaukar bidiyo ya rasa abin ɗauka. Ko yana aiki a kan babbar kwamfutar haya da ke wata ƙasa, wadda ba ta da allo, wasan ya nemi allo ya rasa. Littafi nagari yakan kawo saƙon kuskuren kamar yadda yake fitowa, ya faɗi sababinsa, ya faɗi magani. Mai aunawa ya jawo waɗannan kurakurai da gangan, ya ƙidaya nawa ne littafin ya amsa.

Ma'auni na shida: kowa ya sami ƙofarsa?

Wani masani mai suna Daniele Procida ya tsara wata hanya da ake kira Diátaxis, wadda ta raba rubutun jagora gida huɗu: darasi don sabon shiga, umarnin aiki don mai wata bukata takamaimai, ƙamus na sassan manhaja don mai neman tabbaci, da sharhi don mai son sanin dalili. Amfanin wannan rabo a nan a fili yake. Ɗalibi yana son bidiyonsa na farko cikin minti goma. Mai bincike yana son ya ɗauki kowane wasa na ɗari. Injiniya yana son sanin abin da kowane zaɓi ke karɓa. Mai tantance rahoto kuma yana son ya san abin da bidiyon ba ya nunawa. Yawancin littattafan manhaja suna da ƙarfi a gida na uku, domin kwamfuta ce ke tattaro shi daga cikin umarnin kansa. Gida na huɗu shi ne ake yawan bari kango, kuma a cikinsa ne amsar ma'auni na biyu da na uku take zaune.

Wa ke biyan kuɗin sakaci?

Galibin waɗannan manhajoji kyauta ne, kuma 'yan sa kai ne ke kula da yawancinsu, saboda haka ba a yi adalci ba in aka tsaya ga zargi. Amma yana da kyau a san wanda ke ɗaukar asara idan littafi ya gaza. Mai bincike a babban kamfani yana da abokin aiki a teburin kusa da zai tambaya. Ɗalibin da ke koyo shi kaɗai a Legas ko Zariya, da kuɗin datarsa, yana fama da ɗaukewar wuta, littafin nan shi ne malaminsa. In ya kwana yana horar da ɗan koyo, gari ya waye babu bidiyo saboda layi ɗaya da ba a gaya masa ba, ba zai iya maimaitawa cikin sauƙi ba.

Sai dai ƙofar gyara a buɗe take. Littafin Gymnasium da makamantansa suna ajiye ne a fili tare da manhajar, kuma duk wanda ya ga giɓi yana iya aika gyara. Baƙon da ya yi tuntuɓe jiya ya fi gwani sanin inda dutsen yake, gama gwani ya daɗe da daina ganinsa. Shawararmu ga malamai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta ita ce, kafin su dogara da kowane kayan nuna wasa, su ware awa ɗaya su bi waɗannan ma'aunai shida, su rubuta abin da suka samu, su aika wa masu shi. Su kuma masu wallafa bidiyon ɗan koyo, su riƙa haɗawa da lambar bugu, da lambar ƙuri'a, da yawan tsallaken hoto, da bayanin ko wannan wasa shi ne mafi kyau da aka zaɓo ko kuwa na tsaka-tsaki ne. Mai kallo kuma, duk lokacin da aka nuna masa na'ura tana abin al'ajabi, ya tambayi waɗannan abubuwa huɗu kafin ya tafa. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.